Tsakuwa ta fasa min gilashin gaba a hanyar Zariya, ina ake gyara a Kano?

Baban Amira: Slm jama'a barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema. Ɗazu da la'asar ina dawowa daga Zariya, mun ɗan wuce Kwanar Ɗangora kenan, ga wata tifa a gabana ta lodo tsakuwa har ta yi tozo kuma ko tamfol ba ta rufa ba, ina ƙoƙarin in wuce ta sai ji nayi tas! kamar an harbo ni da danƙo. Da na tsaya sallar magariba na duba sai naga wani ɗan tauraro a ɓangaren fasinja, bai kai murfin kwalbar lemo ba amma yana da 'yan ƙafafu guda uku. Motar Corolla ce 2010 'yar Amurka, kuma gilashin folo-kom ne, wato wanda ya zo da motar daga kamfani, tunda na saye ta ba a taɓa shi ba shi yasa abin ya tsaya min a rai. Ana gyara irin wannan ko dole sai canji? In ana yi, ina zan nufa a cikin Kano?

Sani Sharon: Allah ya kiyaye gaba Alhaji. Ai ka gode Allah ma da ba a saitin idonka ba. Ka samu sufa gulu na naira ɗari ka ɗiga a wajen, shikenan. Tawa shekara biyu kenan a haka ina Kano-Kaduna kullum.

Habu Rewaya: Ko ya goga tafarnuwa, haka muka taso muna ji wajen iyayen gidanmu 😄

Injiniya Bash: Dan girman Allah Alhaji kar ka sa ko ɗaya. Sufa gulu in ya shiga ramin ya bushe ya toshe hanyar da maganin gaske zai bi, gobe ko ka kai wajen masu gyara za su ce maka ba ya yiwuwa. Abin da zaka yi yanzu yanzu kafin ka kwanta, ka samu farin salatif ka goge wajen da busasshen ƙyalle ka manna a kai ta waje, don kar ƙura da ruwa su shiga. Kar a wanke motar. Kar ka kunna esi ka juya shi saitin gilas. Gobe da safe ka kai ta.

Sani Sharon: Injiniya kai komai sai ka kawo boko a ciki. Mu da muke kan titi dare da rana fa?

Injiniya Bash: Sani naga hoton Sharon ɗinka da ka sa ranar nan, gilashinta kamar taswirar Najeriya har da Neja da Binuwai, kai ne zaka ba wani shawara?

Bazazzagi: 😂😂 Kanawa kenan. Yanzu a kan ɗan tabo za a kwana ana lissafi. Alhaji cire kuɗi kawai ka sa sabo, ba a tafiya da su lahira.

Baban Amira: Malam Bazazzagi ai a hanyar garinku abin ya same ni, da adalci kai ya kamata ka biya.

Admin: Akwai mai sana'ar a cikin gidan nan ai. Oga Ɗanlami in kana kusa a taimaka wa Alhaji. Amma kamar kullum, ba a sa lambar waya a nan, mai so ya bi ta inbox.

Oga Ɗanlami mai gilas: Wslm. Yanzu na shigo gida naga an ambace ni. Alhaji ranka ya daɗe Allah ya tsare gaba. Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, sa salatif ɗin. Bari in ɗan yi bayani yadda kowa zai amfana don tambayar nan kusan kullum sai an min ita a shago.

Gilashin gaba ba ɗaya yake da na ƙofa da na baya ba. Na gaba falle biyu ne aka haɗa, da wata siririyar leda a tsakiya, shi yasa in dutse ya same shi yake tsagewa amma ba ya zubowa. Na ƙofa da na baya falle ɗaya ne da aka gasa, in ya fashe gaba ɗaya yake wargajewa kamar gishirin kanti, shi babu maganar gyara kuma ba a yanka shi, sai dai a sa wani. To na gaban in dutsen fallen waje kawai ya samu, muna da wani ruwan magani kamar zuma fari, ana ɗora wani ɗan ƙarfe mai kamar sirinji a kan ramin a zuƙe iskar da ke ciki sannan a tura maganin ya bi ƙafafun tsagar, sai a haska masa fitila ko a barshi a rana ya daskare, a kankare saman da reza. Minti talatin zuwa arba'in an gama. Amma in gaya maka gaskiya tabon ba ya ɓacewa ɗari bisa ɗari, in ka ƙura ido zaka ga alama kamar ɗigon ruwa, amfaninsa dai tsagar ba za ta yi tafiya ba. Duk wanda yace maka zai mayar da shi kamar ba a taɓa ba, kuɗinka yake so.

Inda bana karɓar gyara: in tsagar ta kai bakin gilas wajen baƙin layin nan, ko tana daidai saitin idon direba, ko ka shafa ta ciki kaji ta a yatsanka, ko ta fi tsawon takardar naira, ko ta daɗe datti ya shiga ta yi baƙi. Turo hoto in gani, ka ɗora makulli kusa da wajen don in gane girmansa.

Baban Amira: Na gode ƙwarai Oga. Ga hoton nan, da tocilan na haska.

Oga Ɗanlami mai gilas: Wannan lafiya lau zai gyaru. Amma kaga ƙafar nan ta ƙasa da ta fi sauran tsawo, ita nake ji. Sanyin nan da ake yi da asuba sannan rana ta buɗe da azahar, shi ke jan tsaga. Kar ka wuce gobe.

Maman Sadiq: Sannunku da dare. Tunda an taɓo maganar nima bari in sa baki ko wata zata amfana. Watan jiya naje gidan biki na ajiye mota a layi, na bar jaka a kujerar baya, wlh ko minti arba'in ban yi ba na fito na tarar an fasa ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku na ƙofar baya an ɗauke jakar. Abin haushi babu komai a ciki sai turare da cajar waya da katin asibitin yara. Nace a raina ai ɗan ƙarami ne ba zai yi tsada ba, ashe shi yafi wahalar samu, ƙanena ya kwana biyu yana zaga kasuwa, sabo babu sai na jikin motar da aka yanka, kuma kuɗinsa ya kusa kamo na babban gilashin ƙofar. Har yau in na taka birki ina jin ɓurɓushi na ƙara a cikin ƙofar.

Oga Ɗanlami mai gilas: Hajiya Allah ya mayar da alheri. Haka yake, ƙaramin nan kamfanoni basu cika kawo sabonsa ba saboda ba kullum ake nema ba, ɓarayin kuma shi suke fasawa don ba ya ƙara sosai. Ɓurɓushin nan ki sa a buɗe kwalin ƙofar a zuƙe shi, in aka barshi yana toshe 'yan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasan ƙofa, damina na zuwa ƙofar ta fara tsatsa, wani lokacin ma ya shiga injin ɗaga gilas.

Maman Sadiq: Ikon Allah, wanda ya sa min ko buɗewa bai yi sosai ba. Na gode Malam.

Habu Rewaya: Hajiya in injin ya fara nauyi kar ki yi ta danna maɓalli da ƙarfi, 'yar motar lantarkin da ke cikin injin ce zata ƙone. Irinsu nake gyarawa kullum.

Abba Kd: Ni tambayata ina ainihin kasuwar gilas take a Kano? Mu nan Kaduna in ba Panteka ba to Oriakpata muke zuwa.

Sani Sharon: Ƙofar Ruwa mana, akwai abin mota da zaka nema ka rasa a Ƙofar Ruwa? Sai kuma cikin Sabon Gari wajen Inyamurai masu sabbin kaya. Amma in ka shiga da mota mai tsagaggen gilas tun daga bakin titi 'yan kayi-nayi zasu yanyame ka, kowa yace shagonsa ne, alhali ko kusa bashi da ita a kasuwar, zai kai ka wajen mai kaya ne ya ɗora nasa a kai. Dabara ita ce ka faka motar nesa ka shiga da ƙafa, ka tambayi shago uku ko huɗu kafin ka nuna kana da mota ma.

Injiniya Bash: Nan kam na yarda da kai Sani. Kuma ya tafi da lambar casis, guda 17 ɗin nan da ake hangowa ta ƙasan gilas a ɓangaren direba. Don cewa "Corolla 2010" kawai bai isa ba, akwai 'yar Amurka akwai wadda aka yi wa Turai da ƙasashen Larabawa, kar a je a ɗauko wanda bai zauna ba a fara cewa "za mu cike da gam".

Abba Kd: A Abuja Apo na taɓa canzawa, tsada kamar me. Abokina yace da na kira Ladipo an sa min a mota da yafi sauƙi.

Oga Ɗanlami mai gilas: Yafi sauƙi in ya iso lafiya. Gilas daga Legas zuwa nan a bayan tirela ko but ɗin lakshiri, in ya tsage a hanya wa zai biya? Direba zai ce haka aka bashi, mai kaya zai ce lafiya ya loda. Mu da muke sarowa a akwatin katako yake zuwa a tsaye, duk da haka sai mun cire asara. Mota irin Corolla, Camry, Golf, Sharon, Hummer bas, 406, duk akwai su a ƙasa a Kano ba sai an yi oda ba. Wadda ake wa oda ita ce irin sabbin nan ko wadda ba ta da yawa a gari.

Alhaji Mai Atamfa: Ni dai shawarata in har ta kai ga canji to ɗan Beljiyam zaka sa. Sabon nan na Chana ba gilas bane, kwalba ce. Na taɓa sawa a Camry da daddare fitilar mota in ta hasko sai kaga ta rabu biyu, kan titi kamar yana rawa, sai da kaina ya dinga ciwo. Wata uku na cire shi. Orijina orijina ne ko ya tsufa.

Injiniya Bash: Alhaji da girmanka amma a nan zan ɗan saɓa maka. Chana suna suka tara. Fuyao kamfanin Chana ne amma su ke yi wa manyan kamfanonin mota gilas tun daga masana'anta, har fakto suke da ita a jihar Ohayo a Amurka. Wato akwai motar da zaka saya sabuwa dal daga Amurka ko Jamus kana cewa folo-kom, ka duba kusurwa kaga tambarinsu. Toyota ba ta yin gilas da kanta, saye take wajen irinsu AGC da Pilkington da Saint-Gobain a buga mata sunanta a kai. Wanda aka sa maka mai rawa ƙila irin marar suna ne da ake bugawa kowane tambari.

Alhaji Mai Atamfa: To ni ina ruwana da Ohayo, abin da idona ya gani nake faɗa maka yaro.

Injiniya Bash: Allah ya huci zuciyarka Baba 🙏 ban ƙaryata ka ba.

Oga Ɗanlami mai gilas: Ku duka kuna da gaskiya. Alhaji abin da ka gani akwai shi, mu muna ce masa gilas mai ruwa. Gwajinsa sauƙi ne, kafin a ɗora a jingine shi ka tsaya ta baya ka kalli wani abu miƙaƙƙe kamar falwaya ko bakin rufin kwano, ka dinga matsar da kanka hagu da dama, in kaga layin yana lanƙwashewa ka ce a canza maka. Shi kuma ɗan Beljiyam matsalarsa biyu. Na ɗaya ya riga ya sha hanya, yashi ya caccake fuskarsa, a inuwar shago zaka ganshi tas amma ranar da ka fuskanci rana da yamma sai kaga kamar an watsa masa gari, ga sawun waifa. Na biyu wajen yanko shi daga jikin tsohuwar mota ana ɗan ɓantare bakinsa, ɓantarar da ko kula ba zaka yi ba, bayan sati biyu ka faɗa rami tsaga ta taso daga nan. In zaka sayi Beljiyam a fito da shi rana, a wanke, ka bi bakinsa da farce zagaye.

Amma ni abin da nafi so mutane su gane, a cikin motoci goma da ake dawo min da su da kuka, yawanci ba gilashin bane matsalar, aikin ɗorawar ne. Mutum zai yi awa biyu yana ciniki a kan gilas, in aka zo kuɗin aiki da gam sai yace a sa kowanne. Gam ɗin gilas daban yake, baƙi ne mai kauri a cikin bututu, irinsu Sikaflex da Betaseal, in ya kama sai da waya ake yanka shi. Wasu kuma silikon na tagar gida suke matsawa don yafi araha, a ido duk baƙi ne. Ka ce a nuna maka bututun kafin a fasa, ka duba kwanan watan lalacewa don gam yana mutuwa a ajiye. Sannan in an yanke tsohon, duk inda wuƙa ta kankare fenti dole a shafa firaima, in ba haka ba tsatsa zata ci ƙarfen ta ƙarƙashi ba ka gani, sai watan Agusta ruwa ya fara ɗiga maka a gwiwa.

Habu Rewaya: Wlh Oga ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Damina da ta wuce an kawo min wata Honda wai aljanu sun shige ta, hon na busa kansa cikin dare, fitilun dashbod duk sun kama. Na kwance ƙasan sitiyari naga akwatin fiyus ya yi kore shar da tsatsa, kafet jagab. Muka zuba ruwa a saman gilas da bokiti sai gashi yana bin ginshiƙi yana sauka kai tsaye kan wayoyi. Ashe wata biyu kafin nan mai ita ya canza gilas a bakin titi don ya rage dubu biyar, abin da ya kashe a wajena ya ninka kuɗin gilashin.

Injiniya Bash: Kuma ba ruwa kaɗai ba. A motocin zamani gilashin gaba yana cikin abin da ke riƙe rufi in mota ta wuntsila, sannan iyabag ɗin fasinja in ta fashe gilashin take doka sannan ta dawo kan mutum. In da silikon aka liƙa, gilashin ne zai fita waje gaba ɗaya.

Sani Sharon: To mu dai Allah ne ke tsare mu.

Maman Sadiq: Malam Sani ai ko addini cewa yayi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, balle kai da kake ɗaukar rayukan mutane.

Sani Sharon: Hajiya kin gama da ni 😅 in an samu balas mai kyau zan canza in sha Allah. Dama 'yan rod sefti sun sha min magana, tsagaggen gilas yana cikin laifukan da suke rubutawa tara.

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku daga Maraɗi. Mu nan parabiris muke ce mishi. Motocinmu da yawa ta Kwatano da Lome suke shigowa, amma in gilashi ya fashe sau da yawa Kano ko Katsina ake aikowa da shi ta Jibiya. Abin da ke kashe muna gilashi a nan rairayi ne, mutum ya tashi da safe ƙura ta rufe mota sai ya kunna waifa a bushe, wata shida gilashi ya yi zane kamar bakan gizo. Oga ana goge wannan zanen?

Oga Ɗanlami mai gilas: Wa alaikumussalam mutanen Maraɗi. In farcenka ba ya maƙalewa a zanen ana iya rage shi da hoda da inji, in yana maƙalewa ka haƙura, in aka matsa gogewa wajen zai lotsa ya koma mai ruwa. Ku dinga zuba ruwa a tankin waifa, kuma a canza robar in ta bushe, ta fi gilas araha nesa ba kusa ba.

Abba Kd: Inshora fa? Naga tun 2023 aka mayar da ita dubu 15 daga dubu 5, ba za su biya irin wannan ba?

Injiniya Bash: Ta dubu 15 ɗin nan ta wanda KA yi wa ɓarna ce, har zuwa miliyan 3, ba ta motarka ba ce. Wato a ƙa'ida inshorar mai tifa ce ya kamata ta biya Alhaji, to amma ina tifar, ina lambarta, wa zai shaida? Sai mai babbar inshora ta komai da ruwanka, shi ma ya karanta takardarsa ya ga me aka rubuta game da gilas, kuma ya ɗauki hoto ya sanar da su kafin ya taɓa komai.

Bazazzagi: Tifar ma da lamba? Wanda ya ga lambar bayan tifa a ƙasar nan ya ɗaga hannu.

Ummi's Kitchen: Dan Allah tunda masana na kusa, in an canza gilashin ƙofa tintad ɗin fa? Tawa daga kamfani ta zo da duhu a baya.

Oga Ɗanlami mai gilas: Anti in na kamfani ne duhun a cikin gilashin yake ba leda bace, sai a nemo mai duhu irinsa, in aka sa fari aka manna leda zaki ga kala ta bambanta. Maganar takarda kuma ba fannina bane.

Injiniya Bash: Dokar gilas mai duhu tun 1991 take, zamanin Babangida. Famit ɗin ta shafin POSSAP na 'yan sanda ake nema, a 2025 an yi ta sa ranar fara kame ana ɗagawa har magana ta je kotu. Ki duba sanarwar da ake kai yanzu kafin ki kashe kuɗi.

Admin: Maganar tintad a buɗe mata nata zaren daban dan Allah, wancan karon sai da muka goge saƙo sama da ɗari.

Baban Amira: Jama'a slm. Kwana uku kun ji ni shiru. To abin da Oga ya ji tsoro shi ya faru, kuma laifina ne. Washegari aka tashe mu da rasuwa a Gezawa muka tafi da motar, jibi kuma nace bari in huta. Yau da asuba yarona don neman albarka ya tashi wanke mota, da yaji ruwan randa kamar ƙanƙara sai ya je ya sirka da na tafasasshen shayi ya sheƙa a gilas. Yace yana tsaye yaji ƙit, yana kallo layin ya taho tun daga tauraron har ƙasan waifa ta ɓangarena. Ya shigo yana rawar jiki, me zan ce masa, ni ne ban gaya wa kowa a gidan ba.

Maman Sadiq: Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Dan Allah Alhaji kar a yi wa yaron faɗa.

Sani Sharon: Da ka sa sufa gulu...

Injiniya Bash: Sani 🤦

Oga Ɗanlami mai gilas: Allah ya gafarta masa. Toh Alhaji yanzu sai canji. Wasu zasu ce maka a huda ƙarshen tsagar ko a zana mata da'ira ta tsaya, wani lokacin tana tsayawa na ɗan lokaci, amma tunda ta shigo gabanka kar ka ɓata kuɗi. Ni gobe ina da aikin wasu bas guda biyu a wani kamfani ba zan zauna shago ba, amma ka bi abin da muka faɗa ko ina kaje. Ka duba tambarin kusurwa, na gaba dole kaga AS1 da kalmar laminated ko 'yan layuka biyu a kan da'irar E. Kuma kar wani ya ruɗe ka da E ɗin, E1 Jamus E6 Beljiyam E11 Ingila, ƙasar da ta amince da ingancin ce ba inda aka ƙera ba.

Baban Amira: Alhamdulillah an gama, ga rahoto kamar yadda Admin yake cewa a dinga dawowa da shi. Na bi shawarar Sani na faka nesa na shiga da ƙafa, shago huɗu na tambaya kuma tsakanin mafi tsada da mafi araha akwai kusan dubu 30 a kan abu iri ɗaya. Saboda maganar Alhaji Mai Atamfa na fara cewa a nuna min Beljiyam. Wani ya fito min da ɗaya yana rantsuwa satin nan aka sauke shi daga kwantena, nace a kai rana a wanke. Muna dubawa sai ga lambar mota ta Najeriya an zana a kusurwar ƙasa irin zanen da ake yi don maganin ɓarayi, an ɗan goge amma tana karantuwa 😂 nace Malam wannan Beljiyam ɗin ta wace ƙaramar hukuma ce? Shi kansa sai da yayi dariya. Na wuce wani shagon na ɗau sabo Fuyao, na jingine shi na kalli falwaya kamar yadda Oga yace, layi miƙe.

Wajen ɗorawa na ja kujera na zauna ban matsa ba. Yaron ya ɗauko wani bututu ba suna nace a'a, na ƙara kuɗi aka sayo mai suna a gabana. Da waya suka yanke tsohon su biyu ɗaya ciki ɗaya waje, suka shafa firaima, suka mayar min da madubin ciki, aka kafe sama da salatif. To ga abin dariyar, da aka sauke tsohon gilashin nawa da nake ta cewa folo-kom, mai aikin ya nuna min kusurwa, tambarin wani kamfanin gilas XYG ne a jiki babu tambarin Toyota ko ɗaya, ga sawun tsohon gam kala biyu. Wato tun kafin ta zo hannuna an taɓa canza shi, shekara shida ina alfahari da banza.

Alhaji Mai Atamfa: To ai shikenan, an bar ni ni kaɗai. Amma ka yi tafiyar dare tukuna ka dawo ka bamu labari.

Bazazzagi: Bakano ya ƙara kuɗi da kansa ba a tilasta shi ba? A rubuta ranar nan.

Oga Ɗanlami mai gilas: Madalla Alhaji, Allah ya sa a kashe lafiya. Ka bar salatif ɗin har gobe da yamma, gam ɗin nan da danshin iska yake kamawa kuma yanzu hunturu ne iska a bushe take, yafi jinkiri. Ka ɗan sauke gilashin ƙofa kamar faɗin yatsa, kar a buga ƙofa da ƙarfi, ka kauce wa ramuka, kar a kai ta wajen wankin inji sai bayan kwana biyu. Bayan nan ka sa yaron ya zuba ruwa ta sama kai kana ciki kana duba kusurwoyi, in ka hau titi kaji fito kamar usur ta gefe ka koma musu tun da wuri.

Baban Amira: In sha Allah. Ruwan sanyi zan ce ya zuba wannan karon.

Abba Kd: Oga ni kuma Camry 2018 ce, akwai kyamara a bayan madubin ciki, wani yace in an canza gilas sai an sake saita ta da kwamfuta ko ta dinga taka birki da kanta. Gaskiya ne?

Oga Ɗanlami mai gilas: Gaskiya ne sai an saita, kuma gilashin ma dole ya zama mai gurbin kyamarar. Ni bani da na'urar, ɗorawa kawai nake yi in tura mutum wajen masu kwamfuta. Turo min hoton saman gilashin ta inbox da lambar casis in tambaya maka ko akwai shi a ƙasa.